Zuciyar Maijego

Daga farkon 2003 zuwa ƙarshen 2005, likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, Dokta Simeon Isezuo da abokin aikinsa Dokta Abubakar, sun riƙa tattara bayanan wasu mata da ake kawowa da ciwo iri ɗaya. Galibinsu masu jego ne. Babu wadda aka san ta da ciwon zuciya kafin cikin. Sun sauka lafiya, an yi barka, an yi suna, sai numfashi ya fara gagara. Ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ciki ya sake tasowa kamar ba a haihu ba, tari ya hana barci, mace ba ta iya miƙewa a shimfiɗa sai dai ta kwana a jingine da bango. In an ɗauki hoton zuciyarta, sai a tarar ta buɗe ta saki, tana bugawa amma ba ta tura jinin kirki.

Mata 65 suka samu a shekara ukun. Da suka auna su da yawan haihuwar da aka yi a asibitin, lissafi ya ba da mace ɗaya cikin kowace haihuwa 102. Cikin duk matan da aka kwantar saboda gazawar zuciya, kashi 60 cikin ɗari wannan ciwon ne ya kawo su. Takwas daga cikin 65 ɗin ba su tashi ba. A Amurka ciwon yana kama mace ɗaya cikin haihuwa 1,000 zuwa 4,000. A Japan ɗaya cikin 20,000. A Afirka ta Kudu ɗaya cikin 1,000, a Haiti kuwa, wadda ake ba da misali da ita, ɗaya cikin 300. Duk duniya babu inda aka auna aka samu abin da ya kai na ƙasar Hausa.

Wannan asibiti shi ne matuƙar hanyar da ta taso daga Illela ta ratsa Gwadabawa da Kware, tafiyar kilomita 80 da ɗoriya. In ciwo ya fi ƙarfin babban asibitin Illela, Sakkwato ake nufa, kuma ba 'yan Najeriya kaɗai ba, har da mutanen Ƙonni da ƙauyukanta da ke tsallaken iyaka. Takarda ce ta raba garuruwan biyu. Auratayya ɗaya ce, kasuwa ɗaya, jego ma ɗaya. Kanwar da ake aunawa a kasuwar Illela ranar Lahadi, wata a gidan Najeriya za a dama ta, wata a gidan Nijar. Saboda haka labarin wannan ciwo na matan Illela ne, ko da yake a Zariya aka fara rubuta shi, a jikin ɓeraye kuma a ƙasar Jamus aka warware wani sashe nasa.

Wanda ya tashi a gidan gargajiya ya san asubar gidan maijego. Tun kafin kiran assalatu an hura wuta ƙarƙashin rabin duro ko babbar tukunya. Ruwa ya tafasa. Tsohuwa, uwa ce ko gwaggo ko ungozoma, ta haɗa ganyen dogon yaro ko na tsamiya ko runhu ta ɗaure, ta tsoma a ruwan yana tururi, ta riƙa fyaɗa wa maijego a baya da ƙirji da mara, yarinya tana cije leɓe, tsohuwa tana cewa ta daure. Safe da yamma, har kwana arba'in, a wasu gidajen ma ya zarce. Daga wanka sai ɗaki, inda a da ake da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi ana zuba masa garwashi. Sai ƙwaryar kunun kanwa da zafinta, sai gasasshen nama da yajin jego, ranar suna ga ƙauri. Duk wannan ɗawainiya, da kuɗin icen da maigida ke fitarwa ko yana da shi ko babu, tsoron abu ɗaya ne ya haife ta: sanyi. An tabbata cewa jikin wadda ta haihu ɗanye ne, in ba a gasa shi ba sanyi zai shige ta, ta kumbura, ta lalace. Kanwa kuma don nono ya kawo, ciki ya wanku.

A 1969 wani likita ɗan yankin Wales na Birtaniya mai suna Eldryd Parry ya baro Addis Ababa ya zo Zariya a matsayin farfesan likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello. Bai daɗe ba ya lura ɗakin mata cike yake da masu jego da suka kumbura suna haki, abin da likita a ƙasarsu zai iya gama aikinsa bai gani ba sai sau ɗaya ko biyu. Shi da wani matashin likita, Neil Davidson, suka fara rubuta su. Cikin shekara uku suka tara mata 224, kusan dukkansu Hausawa da Fulani. Suka ƙiyasta cewa a Zariya mace ɗaya ce cikin kowace haihuwa ɗari. Wata mai bincike, Lorna Trevitt, ta shiga gidajen birni tana tambayar mata yadda suke jego. A 1974 su ukun suka buga sakamakonsu a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya: ciwon ya fi yawa a yankin Zariya da Malumfashi, inda aka fi tsananta wankan zafi da kwanciya a gado mai wuta da shan kanwa.

Hujjarsu ba ta banza ba ce. Kanwa cike take da sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, shi kuwa sodiyam duk inda ya shiga ruwa yake riƙewa. Zafi yana buɗe jijiyoyin fata, jini ya kwararo waje-waje, zuciya ta ninka gudu don ta cike gurbi. Sun kuma lura marasa lafiyar sun fi yawa a watan Yuli, lokacin da zafi ya haɗu da damshin damina, gumi ba ya bushewa. A 1979 wani likitan, John Sanderson, tare da Adesanya da Anjorin da shi Parry, suka duba irin waɗannan mata da na'urar hoton zuciya, wadda a lokacin sabuwa ce. Suka tarar da yawansu zuciyar tana matsawa da ƙarfinta, ruwa ne kawai ya yi mata yawa. Shi ya sa wasu da an ba su maganin fitar da ruwa sai kumburi ya saɓe cikin kwanaki. Parry da abokansa ba su saki matan nan ba, sun bi sawunsu sama da shekara 20, suka ga da yawa daga baya hawan jini ya kama su.

Daga nan hukunci ya zauna. Littattafan likitanci na duniya suka ɗauka: matan Hausa, wankan zafi, kanwa. Shekara kusan 40 ɗalibai suna haddace wannan suna cin jarrabawa da shi, laifi kuma ya tsaya a kan tsohuwar da ke bakin murhu.

Sai dai akwai tambayar da hukuncin bai amsa ba. Matan Haiti ba su san kanwa ba. Matan Soweto da na Chicago ba sa wankan ganye, ga shi ciwon yana kashe su. A nan gida ma, mata ɗari sun yi wanka iri ɗaya, sun sha kunu iri ɗaya, 99 sun yi arba'in lafiya sun tafi yawon gaida dangi, ɗaya ta faɗi. Me ya ware ta? Kuma matan da Isezuo ya gani a Sakkwato ba ruwa kaɗai ya yi musu yawa ba, naman zuciyar ne da kansa ya raunana ƙwarai.

A ɗaya ɓangaren iyaka wani ya bi wata hanyar. Arnaud Cénac, likita Bafaranshe da ke aiki a babban asibitin Yamai, ya auna jinin mata 35 masu wannan ciwo ya gwada da na masu jego masu lafiya. A 1992 ya bayyana cewa wani ma'adini da jiki ke buƙata ɗan ƙanƙane, seleniyam, ya yi ƙaranci ƙwarai a jinin marasa lafiyar. Ba haka kawai ya zaɓi seleniyam ba. A gundumar Keshan ta ƙasar Sin an san wani ciwon zuciya tun 1935 da ke kama yara da mata masu haihuwa, a inda ƙasar noma ba ta da wannan ma'adini, kuma da aka fara raba wa mutane shi a shekarun 1970 ciwon ya ja baya. To amma me ya haɗa ma'adinin ƙasa da haihuwa? Amsar sai an shiga cikin ƙwayar halitta.

Ciki ba ƙaramin aiki yake ɗora wa zuciya ba, ko da lafiyayye ne. Kafin watan haihuwa jinin mace yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, wato fiye da lita guda a kan wanda take da shi. Abin da zuciya ke turawa a minti ɗaya yana hawa da kashi 30 zuwa 50. Don ta iya, sai namanta ya yi kauri. Kowace ƙwayar tsokar zuciya ta ƙara girma, siraran jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita su ƙara tsiro. Akwai wani furotin da masana ke kira VEGF, shi ke ba da umarnin wannan tsiro, shi ke kuma riƙe da ran ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin kowace jijiya.

A can mahaifa wani aikin ake yi mai ban al'ajabi. Tun makonnin farko, wasu ƙwayoyi daga ɓangaren ɗan tayi, waɗanda za su zama mabiyiya, suna kutsawa cikin bangon mahaifa, su shiga murɗaɗɗun jijiyoyin uwa, su rushe tsokar da ke tsuke su, su mayar da su faffaɗa. Rabin gadon waɗannan ƙwayoyi na uba ne, wato baƙi ne a jikin uwa, amma garkuwar jikinta ba ta yaƙar su, wasu ƙwayoyin garkuwar ma taya su aikin suke yi. Kafin ƙarshen ciki jinin da ke kwarara zuwa mahaifa ya wuce rabin lita a kowane minti. Ranar haihuwa mahaifa ta matse, ta mayar da jini mai yawa cikin jijiyoyi lokaci guda. Mabiyiya ta faɗi, sinadaran da take zubawa su yanke. Sai wani sinadarin ya karɓi fage, furolaktin, wanda wata 'yar halitta a gindin ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Shi ne mai kawo ruwan nono. Duk lokacin da jariri ya kama mama, sai ya ƙaru a jini.

A Makarantar Likitanci ta Hanofa da ke Jamus, wata masaniyar halittu 'yar Suwizalan, Denise Hilfiker-Kleiner, tana nazarin wani furotin mai suna STAT3 da ke kare tsokar zuciya. Ba ciwon masu jego ta fita nema ba. An ƙirƙiro ɓerayen da aka cire wa wannan furotin a tsokar zuciya kaɗai, don a ga abin da zai faru. Matan cikinsu da ba su taɓa ciki ba suna yawonsu lafiya. Waɗanda suka haihu suka fara shayarwa kuwa sai suka riƙa mutuwa, wata bayan haihuwar farko, wata bayan ta biyu. Da aka buɗe su, sai ga zuciya ta buɗe ta saki, siraran jijiyoyinta sun ƙare.

Ita da abokan aikinta suka bi abin daki-daki. Ƙwayar tsokar zuciya tana ƙona abinci da iskar oksijin dare da rana, kuma wannan ƙuna tana barin wasu ɓurɓushi masu lalata duk abin da suka taɓa. A ƙarshen ciki da farkon jego ɓurɓushin suna yawaita a jikin kowace mace. A zuciya mai lafiya STAT3 yana tayar da wani sinadari da ke share su. In babu shi, sai su taru, su farkar da wani sinadari mai yanka furotin da ake kira katefsin D. Shi kuma abin da ya tarar a yalwace a jinin maijego shi ne furolaktin. Sai ya datse shi. Cikakken furolaktin nauyinsa kilodalton 23 ne a ma'aunin masana, guntun da ya rage 16. Cikakken yana kawo nono, yana ma taimakon jijiyoyi su tsiro. Guntun kuwa kashe ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin siraran jijiyoyi yake yi, ya hana sababbi fitowa. Daga baya, a 2013, masu bincike a Beljiyam tare da ita suka gano cewa ƙwayoyin da guntun ya taɓa suna aika wani ɗan saƙo mai suna miR-146a zuwa cikin tsokar zuciya, ya rage mata kuzari.

Duk mai lambun albasa a fadamun Kalmalo ko na Gwadabawa ya san ba rijiya da inji kaɗai ke raya shuka ba. In ƙananan hanyoyin da ke kai ruwa kowane fangali suka toshe, albasa za ta yi yaushi alhali injin yana ta ruri. Haka zuciyar nan take: manyan jijiyoyinta a buɗe suke, jini cike da ɗakunanta, amma namanta yunwa yake ji.

Sai ta yi gwajin da ya rufe bakin gardama. Akwai wani tsohon magani, buromokiriftin, da aka daɗe ana ba mata don busar da nono, domin yana hana fitar furolaktin tun daga tushe. Ta ba ɓerayen. Ciwon bai kama su ba. Ta duba jinin mata masu ciwon, ta tarar katefsin D ya hau, ga kuma guntun furolaktin ɗin nan. An buga wannan a mujallar Cell a 2007. Ni dai ban san wani bincike a kan haihuwa da ya girgiza ni kamar wannan ba: sinadarin da Allah ya sa ya zama silar abincin jariri, shi ne in an datse shi yake cin zuciyar uwarsa. Da wannan kuma binciken Yamai ya samu mazauni, domin seleniyam ɗin nan da shi jiki ke gina ɗaya daga cikin sinadaran da ke share waɗancan ɓurɓushi.

A Asibitin Chris Hani Baragwanath da ke Soweto, Karen Sliwa ta gwada maganin a kan mutane. Mata 20 ne, goma aka ba su magungunan zuciya da aka saba, goma aka ƙara musu buromokiriftin. Likitoci suna auna ƙarfin zuciya da kason jinin da ɗakinta na hagu ke turawa a bugu ɗaya, lafiyayya tana tura kashi 55 ko fiye. Duka rukunin biyu sun fara da 27. Bayan wata shida masu buromokiriftin sun kai 58, sauran 36. Mace ɗaya ta rasu a rukunin farko, huɗu a na biyu. Wannan a 2010 ke nan. Gwajin ƙarami ne, ita ma ta faɗi haka, amma ya sa duniya ta waiwayo.

Ɗaya rabin labarin daga mabiyiya ya fito. In ƙwayoyin nan masu kutsawa ba su shiga da zurfi ba, jijiyoyin mahaifa sai su zauna a tsuke, mabiyiya ta rasa isasshen jini. A 2003 Ananth Karumanchi da abokansa a Boston suka gano cewa irin wannan mabiyiya tana kwarara wani furotin mai suna sFlt1 cikin jinin uwa, aikinsa kame VEGF ya hana shi isa inda ake buƙatarsa. Kowace mabiyiya tana fitar da shi a ƙarshen ciki, amma wadda ke cikin yunwa tana ninka shi. Sai jijiyoyin uwa su tsuke, jini ya hau, ƙoda ta fara zubar da furotin a fitsari, in ya kai ƙwaƙwalwa sai jijjiga. A 2012 Zoltan Arany, shi ma a Boston, ya nuna cewa wannan furotin ɗin yana kassara siraran jijiyoyin zuciya, kuma ya samu shi da yawa a jinin mata masu ciwon zuciyar jego. Shi ya sa mai tagwaye, wadda mabiyiyarta ta fi girma, da mai hawan jinin ciki suka fi shiga hatsari. Da aka haɗa bincike-bincike na ƙasashe da dama, an samu kusan 22 cikin ɗari na masu ciwon sun yi hawan jinin ciki, fiye da ninki huɗu na sauran mata.

Jijjiga kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Daga Yulin 2007 zuwa Yunin 2008 Farfesa Bissallah Ekele da abokansa sun yi wa mata 121 masu jijjiga magani a birnin, da allurar magnesiyam ta tashi ɗaya, tsarin da har yau ake kira da sunan Sakkwato. Ɗari daga cikinsu cikin fari ne. Matsakaicin shekarunsu bai kai 19 ba. Goma sha biyu sun rasu.

Akwai kuma gado. A 2016 an duba mata 172 masu ciwon, aka samu 15 cikin ɗari suna ɗauke da nakasu a ƙwayoyin gadon da ke gina tsokar zuciya, mafi yawa a na taitin, furotin mafi girma a jikin ɗan Adam. Irin wannan mace tana iya rayuwa ba ta san komai ba sai ciki ya gwada ta.

Wanda ya dawo da tambayar gida shi ne Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A 2015 ya auna mata 39 masu ciwon da masu lafiya 50 a Kano. Kusan 77 cikin ɗari na marasa lafiyar seleniyam ɗinsu ya yi ƙasa matuƙa, a masu lafiya 22 ne kawai, kuma matan karkara abin ya fi shafa. Da aka gwada daga baya ba wasu masu ciwon ƙwayar seleniyam ta wata uku, haki ya ragu, amma ƙarfin zuciya bai dawo fiye da na waɗanda ba a ba ba. Ya kuma jagoranci bincike mafi girma da aka taɓa yi a ƙasar nan kan wannan ciwo. Daga Yunin 2017 zuwa Maris ɗin 2018, asibitoci 22 a faɗin Najeriya suka rubuta mata 406. Fiye da kashi 70 daga Arewa maso Yamma suke. A Asibitin Murtala na Kano lissafi ya ba da ɗaya cikin haihuwa 96, wato kusan abin da Parry ya gani shekara 45 kafin nan, ko da yake gadon wuta ya kusa ɓacewa a birane. Da aka gwada su da mata masu lafiya, abubuwan da suka ware su huɗu ne: rashin karatun boko, rashin sana'a, rama, da hawan jinin ciki. Wankan jego da kunun kanwa ba su fito ba. Zama Bahaushiya ko Bafulatana ma bai fito ba.

To, an wanke tsohuwa ke nan? A ganina an wanke ta daga laifin da ba nata ba, kuma ya kamata a faɗi haka da babbar murya, domin shekara da shekaru ana fakewa da al'ada ana kauce wa maganar yunwa da auren yarinyar da ba ta gama girma ba da rashin awon ciki. Kanwa ba ta yanka furolaktin. Ruwan zafi ba ya tsuke jijiyar mahaifa. Amma abin da Davidson da Sanderson suka gani da idonsu bai zama ƙarya ba. Zuciyar da ta riga ta raunana, in aka ɗura mata gishiri aka gasa ta safe da yamma, ƙarasa ta ake yi.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Alamar farko ta gazawar zuciya kumburi ne, kumburi kuwa shi ne ainihin abin da aka ce sanyi ke kawowa. Tsohuwa ta danna ƙafar 'yarta, yatsa ya lotsa, sai ta ce, "Yarinyar nan ba ta gasu ba. A ƙara wuta, a ƙara mata kanwa." Miji ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna, ko a kai ta asibiti?" A ce masa, "Da ɗanyen jego? Bari dai ta yi arba'in." Kowa a gidan son ta yake yi, kowa ƙoƙarinsa yake yi, kuma kowace ƙwarya da aka miƙa mata ƙara cika huhunta da ruwa take yi. Kumburin goshin haihuwa yakan saɓe cikin kwanaki bayan an sauka. Wanda ya taso bayan haihuwa yana hawa, tare da haki, da tarin dare, da kasa kwanciya, da zuciya mai dukan tara-tara, wannan ba na jiran arba'in ba ne. A ranar ya kamata a tsayar da kanwa, a sirka ruwan wanka, a nemi mota.

Jinkirin yana da farashi, kuma an auna shi. Cikin matan da Karaye ya rubuta, an bi 244 na kimanin wata 17. Kusan 19 cikin ɗari sun rasu. Waɗanda zuciyarsu ta koma daidai ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, alhali a wani bincike na Amurka na 2015, mata 72 cikin ɗari sun warke cikin shekara. 'Yan ƙasa da shekara 20 sun fi mutuwa. Waɗanda suka dage da shan maganin rage gudun zuciya, mai araha da ake samu a kemis, sun fi tsira.

Buromokiriftin fa? Nan ne binciken Hanofa ya ci karo da rayuwar ƙauye. Maganin busar da nono ne. A Jamus in nono ya ƙafe akwai madarar gwangwani da ruwa mai tsabta. A ƙauyen Illela, inda kuɗin gwangwani ɗaya ya isa cefanen kwanaki, ruwa kuma na rijiya ne, ƙafar da nono na iya zama an ceci uwa an ba da ɗa ga gudawa. Maganin yana kuma ƙara hatsarin daskarewar jini, dole a haɗa shi da mai tsinka jini, a riƙa sa ido. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai cewa ta yi ana iya duba yiwuwar ba da shi, ba ta wajabta ba, kuma ana gudanar da babban gwaji a Amurka da Kanada don a tabbatar. Ba maganin da za a aika yaro ya sayo ba ne. Hukuncinsa na likitan zuciya ne, ga macen da ke bakin mutuwa, bayan an san abin da jaririn zai sha.

A 2024 an buga wani gwaji da Demilade Adedinsewo, likita 'yar Najeriya da ke aiki a Amurka, ta jagoranta a asibitoci shida na ƙasar nan, kan mata kusan 1,200. An yi amfani da abin sauraren ƙirji mai kwamfuta a ciki, wanda ke gane raunin zuciya cikin daƙiƙoƙi, kuma ya kama ninki biyu na abin da dubawar yau da kullum ke kamawa. Irin wannan na'ura za ta yi rana a garin da babu mai ɗaukar hoton zuciya. Kafin ta iso, abin awon jini da tsinken gwajin fitsari da sikeli suna nan a asibitin sha-ka-tafi, kuma biyu daga cikin abubuwa huɗun da binciken Karaye ya lissafa, rama da hawan jinin ciki, da su ake gane su tun ciki bai tsufa ba.

Saura maganar da ta fi wuyar faɗa. Macen da ta tashi daga wannan ciwo, in ta sake ɗaukar ciki zuciyarta ba ta koma daidai ba, kusan rabin irinta ciwon yana dawowa da ƙarfi, kimanin 16 cikin ɗari kuma ba sa rayuwa. Wadda ta warke sarai hatsarinta ya ragu ƙwarai, ko da yake ita ma sai an sa mata ido. Kumburi kuma yana saɓewa tun kafin zuciya ta warke, mace ta ji garau ta koma surfe da ɗiban ruwa, gida ya ɗauka an gama. A gidan da ake ƙirga haihuwa, ga kishiya ga dangin miji, ba ita kaɗai ke yanke wannan hukunci ba, kuma zalunci ne a gaya mata a ɗakin likita a bar ta ta kai saƙon da bakinta. A kira maigidan, a kira mahaifiyarsa in tana raye, a zaunar da su a ce: Malam, zuciyar matarka ba ta koma daidai ba tukuna. Kada ta daina shan magani don ta ga ƙafa ta saɓe. Bayan wata shida a dawo da ita a sake hoto, kuma kada ta ɗauki wani cikin sai mun ga abin da hoton ya nuna.